Ruɓewar haƙoran yara a ƙauyukan Alaska: laifin iyaye ne ko na wa?

Ɗan Ci-rani:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wani lissafi da nake so mu duba tare. A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tura ma'aikata ƙauyuka biyar na 'yan asalin Alaska suka duba bakin yara, aka fitar da sakamakon a 2011. A cikin 'yan shekara 4 zuwa 5, kashi 87 cikin ɗari haƙoransu sun taɓa ruɓewa ko suna kan ruɓewa. A cikin 'yan 12 zuwa 15, kashi 91. Sauran yaran Amurka masu waɗannan shekarun kuwa kashi 35 ne da kashi 51. Ƙasa ɗaya fa, gwamnati ɗaya.

A Kanada ma haka abin yake. Binciken da aka yi wa 'yan ƙabilar Inuit tsakanin 2008 da 2009 ya nuna sama da kashi 85 na yaran da ba su isa shiga firamare ba sun kamu. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kakannin waɗannan yaran ba su san wannan ciwo ba sai kaɗan. Wani likitan haƙori mai suna Weston Price ya zaga Alaska a 1933, ya tarar da waɗanda ke rayuwa a kan kifi da naman dabbobin teku haƙoransu garau, waɗanda suka koma cin fulawa da sukari na kanti kuwa bakinsu ya lalace. Masana na yau suna da ƙorafi a kan yadda ya gudanar da bincikensa, amma wannan abin da ya gani ba a musa shi ba. To me ya faru a tsakani?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka ba da amsar da bakinka. Sukari ne. Kuma sukari ba ya tashi daga kanti ya shiga bakin yaro da ƙafarsa, uwa ce ke ba shi. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, yaron da ake kula da shi a gida daga bakinsa kake ganewa. Yanzu komai sai a ce gwamnati, komai sai a ce tarihi. Buroshi nawa yake? Ko aswaki ma ya isa. Sakacin iyaye ne, a Alaska ko a Azare.

Uwar Biyu:
Baba, Allah ya ja da rai, amma iyaye kashi 87 duk masu sakaci ne? Ni dai in na ga abu ya kama kusan kowa a gari, sai in daina duban mutum ɗaya, in fara tambayar me ke cikin garin.

Ɗan Ci-rani:
Hajiya kin taɓo wurin. Baba, bari in kwatanta maka yankin. Mafi yawan wannan magana a kan yankin bakin kogunan Yukon da Kuskokwim ake yinta, ƙasar 'yan ƙabilar Yupik, a yammacin Alaska. Babban garinsu Bethel, yana da nisan kusan kilomita 640 daga Anchorage, kuma babu titin mota da ya haɗa su. Ƙauyuka kusan 50 ne ke kewaye da shi, su ma babu titi a tsakaninsu. Da rani kwale-kwale, da hunturu babur ɗin ƙanƙara, in ba haka ba ƙaramin jirgin sama. Duk abin da ke cikin kanti da jirgi ya zo. Madara da 'ya'yan itace suna lalacewa a hanya kuma tsada gare su, lemon gwangwani da garin lemo irin su Tang kuwa sai su shekara a kan kanta ba abin da ya same su.

Sannan ruwa. Har yanzu akwai ƙauyukan da babu famfo a cikin gidaje, saboda ƙasar a daskare take, shimfiɗa bututu aiki ne mai cin kuɗi. Mutane su ɗebo ruwa daga famfon gari, ko su tari na sama, ko su saro ƙanƙara daga kogi su narkar. Ban ɗaki ma bokiti ne ake kwashewa. Ruwan da aka adana a ganga ba shi da daɗin sha, sai a zuba masa garin lemo don yara su karɓa. Ka ga uwar nan ba wasa take yi da ɗanta ba, ƙishirwa take kashe masa da abin da ke hannunta.

Baba Mai Ritaya:
A Amurkar? Bokiti?

Ɗan Ci-rani:
A Amurkar, Baba.

Likitar Haƙori:
Sannunku da hira. Bari in ɗan bayyana yadda abin ke faruwa a baki, don har yanzu akwai masu zuwa min suna cewa tsutsa ce ta ci haƙorin, wai har an taɓa yi musu turare ta faɗo. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke manne a jikin haƙori, su ci sukarin da ya rage a baki, su fitar da asid. Asid ɗin ne ke zaizaye ɓawon haƙori. Bayan an gama ci, miyau yana wanke shi ya mayar da sinadaran da suka zube, amma yana buƙatar lokaci. Shi ya sa yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Yaron da ya shanye kofin lemo lokacin cin abinci ya fi wanda ke riƙe da kwalba yana kurɓa tun safe har yamma samun sauƙi, ko da abin da suka sha daidai yake. Na biyun bakinsa bai taɓa hutawa ba.

Mafi muni shi ne fida da daddare. In yaro ya yi barci miyau yana raguwa sosai, abin zaƙin ya kwanta a bayan haƙoran gaba na sama. Su huɗun nan su ne ke fara tafiya. Da farko farin layi ne kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi, babu zafi, ba wanda ke lura. Daga nan ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya gutsure. Haƙoran yara ɓawonsu siriri ne, cikin watanni sai aikin ya kai ga jijiya.

Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, in da hali ma ƙasa da kashi 5, wato kusan giram 25 ga babba, cokalin shayi shida. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya mai mililita 355 yana da giram 39. Ku yi lissafin da kanku.

Mai Shago:
Likita kin sa na kalli firjina na ji kunya. Amma tsakani da Allah, ba haƙoran da za su zube ba ne? In yaro ya yi famfara ai sababbi za su fito.

Likitar Haƙori:
Wannan maganar ita ce ke cika min asibiti, Alhaji. Na gaba ne ke zubewa a shekara shida zuwa bakwai, turamen ciki sai shekara goma zuwa sha biyu. Wa zai iya shekara shida da ciwon haƙori? Yaron ba ya tauna, ba ya barci, ba ya fahimtar karatu. In ya yi ƙurji kumburin na iya hawa fuska har ido, kuma yana iya taɓa sabon haƙorin da ke ƙasa. In aka cire da wuri kuma, na kusa su matso su cinye wurin, sabon ya fito a karkace. Ga kuma turmin dindindin na farko da ke fitowa a shekara shida a can ƙurya, ba tare da wani ya zube ba, iyaye su ɗauka na yara ne su bar shi ya ruɓe.

A irin waɗancan ƙauyukan, yaro ɗan shekara uku mai haƙora goma a ruɓe ba zai zauna a kujera a yi masa aiki ba. Sai an sa shi a jirgi da uwarsa an kai shi birni, a yi masa allurar barci a ɗakin tiyata, a cire na cirewa a cike na cikewa. A Kanada wani rahoto na 2013 ya nuna wannan shi ne kan gaba a cikin tiyatar da ake yi wa yara 'yan shekara 1 zuwa 5 a sallame su a ranar, kuma a unguwannin da 'yan asalin ƙasa suka fi yawa abin ya ninka fiye da sau takwas.

'Yar Damagaram:
Innalillahi. Allurar barci a kan haƙori.

Yaya Ɗan Ci-rani, su ba su da asibitin gwamnati ne? Na ji ana cewa kyauta ake duba su.

Ɗan Ci-rani:
A takarda akwai, ƙanwata. Amurka na da hukumar lafiya ta musamman don 'yan asalin ƙasa tun 1955. Matsalar likitan da zai zauna. Likitan haƙori a Amurka yana fitowa makaranta da bashi mai nauyi, ba ya son zama a ƙauyen da babu titi. Abin da aka daɗe ana yi shi ne likita ya sauka da jirgi sau ɗaya ko biyu a shekara, ya yi 'yan kwanaki yana cire haƙoran da suka fi tsanani, ya tafi. Shekara mai zuwa wata fuskar ce daban. Yaro ya tashi bai san likitan haƙori da komai ba sai allura da jini.

Akwai kuma tarihin da Baba ba ya son ji, amma dole in faɗa. A 2013 wani masanin tarihi ɗan Kanada, Ian Mosby, ya tono takardun gwamnatin ƙasarsa da suka nuna tsakanin 1948 da 1952 an yi gwajin abinci a kan yara kusan dubu a makarantun kwana shida, makarantun da ake raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasa da iyayensu a kai su dole. Yara ne da yunwa ta riga ta kama, kuma aka dakatar da wani sashe na kulawar haƙori gare su don kada ya ɓata sakamako, tunda lafiyar dasashi na cikin abin da ake aunawa. Waɗannan yaran su ne kakannin na yanzu. In kaka ta ce wa jikanta kada ya yarda da mai farar riga, ba jahilci ne ya sa ta ba.

Baba Mai Ritaya:
Wannan zalunci ne, ban musa ba, Allah ya isar musu. Amma zaluncin 1948 ba shi ke zuba sukari a fida yau ba. Kada ku cire wa mutum alhakin kansa, raini ne ma a ce mutum ba shi da ikon gyara gidansa sai an zo daga birni.

Nas Ɗin Karkara:
Baba, a nan kam ina tare da kai, kuma su ma abin da suka gani ke nan. Ba su jira birni ba. Ƙungiyar lafiya ta ƙabilun Alaska, wadda su da kansu ke tafiyar da ita, ta duba ta ga ƙasar Niyuzilan tun 1921 take horar da mata masu kula da haƙoran 'yan makaranta, ba likitoci ba, amma suna ciko suna cirewa. Sai a 2003 suka zaɓi matasa daga cikinsu suka tura Jami'ar Otago da ke can Niyuzilan suka yi karatun shekara biyu. Zuwa 2005 sun fara aiki a ƙauyuka. Suna duba baki, su shafa fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, su yi ciko, su cire haƙorin da cirewarsa ba ta da wuya. Kafin a bar mutum ya yi aiki shi kaɗai sai ya yi aƙalla awa 400 a gaban likita, bayan nan ma likitan yana bibiyarsa ta waya da hotuna ta intanet.

Kun san wa ya tashi ya ce bai yarda ba? Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka da reshenta na Alaska. A 2006 suka maka su a kotu, wai suna aikin likita ba lasisi. Ƙauyukan da su ba sa zuwa fa! A 2007 kotu ta yi watsi da ƙarar, saboda dokar tarayya ce ta kafa tsarin jami'an lafiya na ƙauye a Alaska, dokar jiha ba za ta hana ba. A shekarar ne ma aka dawo da horon cikin Alaska. Daga baya jihar Minnesota ta amince da irin wannan a 2009, wasu jihohin suka biyo.

Ni wannan labarin ya taɓa ni, don mu masu aiki a ƙaramin asibitin ƙauye mun san wannan kallon da ake yi mana.

Likitar Haƙori:
Malam Nas, kada ka mai da mu azzalumai duka. Bari in faɗi abin da ke cikin tsoron likitocin, ko da ban goyi bayan ƙarar ba. Haƙa haƙori da cire shi aiki ne da ba a mayar da shi. Cirewar da ake kira mai sauƙi tana iya rikiɗewa a hannunka: saiwa ta karye, jini ya ƙi tsayawa, ko mutum ya suma bayan allura. In hakan ta faru a ƙauyen da jirgi ba zai iya sauka ba saboda guguwar ƙanƙara, wa zai ceto? Akwai kuma tambayar adalci. Me ya sa ɗan birni zai ga wanda ya yi shekara takwas yana karatu, ɗan ƙauye kuma wanda ya yi biyu? Ana iya fakewa da wannan a ce an gama da su, ba sai an ƙara kashe musu kuɗi ba.

Uwar Biyu:
Likita ai da babu gara ba daɗi.

Nas Ɗin Karkara:
A'a Hajiya, ni ban ma yarda ba daɗi ba ne. Wanda ya yi shekara biyu yana koyon ayyuka 'yan kaɗan yana maimaita su kullum, hannunsa yana faɗawa a kansu. Kuma an bi sawun abin. Wani malamin Jami'ar Washington, Donald Chi, da abokan aikinsa sun duba bayanan marasa lafiya na yankin na shekaru, suka ga ƙauyukan da waɗannan jami'ai suka fi daɗewa suna aiki an fi samun kulawar rigakafi, kuma an rage cire wa ƙananan yara haƙoran gaba. Abin da ya fi min muhimmanci ma shi ne jami'ar 'yar garin ce. Tana jin Yupik, ta san uwar yaron, za ta gamu da ita a kanti ta ga abin da ta sayo. Baƙon likita mai kwana uku ba zai iya ce wa mace ta daina ba ɗanta lemo a fida ta saurare shi ba. 'Yar ƙanwar babarta za ta iya.

Ku dubi Kanada kuma. Suna da makarantar horar da irin waɗannan jami'ai tun farkon shekarun 1970, daga baya take Prince Albert a lardin Saskatchewan. Gwamnatin tarayya ta janye kuɗinta, aka rufe a 2011. Kuɗin jirgi da na ɗakin tiyata kuwa ba a daina biya ba.

Likitar Haƙori:
Na san aikin Chi, kuma na yarda da shi gwargwadon abin da ya nuna. Amma ka lura, tsarin Alaska ya yi aiki ne saboda bibiyar gaske ce, kuma ana sabunta wa mutum shaidarsa lokaci-lokaci. Tsorona a kwaikwayi rabin abin a wani wuri, a ɗauki gajeren horon a bar bibiyar. Mu ma nan muna da jami'an kula da haƙori da ake horarwa, amma yawancinsu a birane suke tare da mu, ƙauye kuma mai cire haƙori a kasuwa ne ke riƙe da shi.

Mai Shago:
To ni tambayata, tunda an ce fuloraid na hana ruɓewa, me ya hana a zuba musu a ruwa kowa ya huta?

Ɗan Ci-rani:
Alhaji, binciken 2008 ɗin da na fara da shi ya duba wannan. Biyu daga ƙauyukan akwai fuloraid a ruwansu, uku babu, kuma yaran da babu sun fi ruɓewar haƙori nesa ba kusa ba. Shan lemon kwalba shi ne ɗaya abin da ya fito fili. Amma sai akwai famfo kafin a zuba masa wani abu. Sannan akwai tabon da bai goge ba. A watan Mayun 1992, a ƙauyen Hooper Bay na wannan yankin, na'urar zuba fuloraid ta samu matsala ta antaya fiye da ƙima a ruwan gari. Mutum kusan 300 suka kwanta da amai da gudawa, mutum ɗaya ya rasu. Bayan nan ƙauyuka da dama ba sa son jin zancen. Abin da Amurka ta shawarta a 2015 miligiram 0.7 ne a lita, ɗan mitsitsi, amma yana buƙatar ma'aikaci mai horo da ke aunawa kullum, kuma ƙaramin ƙauye ba kullum yake da shi ba.

'Yar Damagaram:
To haraji fa? Na ji Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Ɗan Ci-rani:
Haka ne, a dokar kuɗi ta 2021. Ƙabilar Nabaho a kudu maso yammacin Amurka ma sun yi nasu. Majalisarsu ta zartar a 2014, harajin kashi 2 a kan kayan zaƙi da lemo da makamantansu, suka kuma cire haraji daga kayan lambu da 'ya'yan itace, kuɗin yana komawa ƙananan ayyukan lafiya a yankunansu. Ciwon sukari ne ya fi tura su, amma haƙori na cin moriya. Sai dai a ƙauyen da ruwan sha mai kyau ne babu, tsadar lemo kaɗai ba ta ba uwa abin da za ta maye gurbinsa da shi.

Mai Shago:
Naira gomar nan dai ban ga ta rage min ciniki ko kwalba ɗaya ba.

Baba Mai Ritaya:
Ka ji ko. Ni har yanzu ina kan bakana, gida ne farko. Abin da zan ƙara kawai, in 'yar gari ce za ta shiga gidan ta yi wa uwa magana, to wannan na yarda da shi, don tarbiyya ce ba magani ba. Amma cire haƙori, ni dai a kai ni wurin Likita.

Uwar Biyu:
Likita, kafin a tashi. Ƙaramina ɗan shekara biyu da rabi na ga irin farin layin da kika faɗa a haƙoransa na sama. Ya zama dole a haƙa?

Likitar Haƙori:
In fari ne kawai bai rame ba, ba a haƙawa, ana iya tsayar da shi. Ki yanke fida da daddare, in dole ne to ruwa zalla. Ki goge masa da kanki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, ɗan kaɗan kwatankwacin ƙwayar shinkafa, kada ki ɗauraye masa baki da ruwa bayan nan. Ki kai shi a shafa masa fuloraid na asibiti. In ya riga ya yi rami, akwai wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake ɗigawa, babu allura babu haƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021, kuma ana amfani da shi a asibitocin 'yan asalin Amurka. Aibinsa ɗaya, wurin da ya ruɓe yana komawa baƙi ƙirin, kuma ba ya fita.

Uwar Biyu:
Baƙi a haƙoran gaba? Kakarsa za ta ce na bari an lalata mata miji.

Likitar Haƙori:
Shi ya sa ba ma sawa a na gaba sai mun nuna wa iyaye hoto sun amince. Naki dai bai kai nan ba in har fari ne. Ki ɗaga leɓensa na sama a wuri mai haske ki duba gindin haƙoran sosai, in kin ga launin ƙasa ko wurin ya yi laushi, kada ki wuce makon nan ba ki kai shi ba.